Yadda Ake Sa Mai Saye Daga Ƙasar Sin Ya Samo Kamfaninka A Intanet

Ƙasar Sin na sahun gaba a masu sayen riɗi a duniya, kuma kaso mai tsoka na wanda take shigowa da shi daga Afirka yake fitowa: Nijar, Sudan, Togo, Habasha, Tanzaniya, Mozambik, har da Najeriya. Shi ya sa dillalin Dawanau ko Maigatari ko Maraɗi, da zarar ya fara fitar da kaya waje, ba ya daɗewa sai ya biya wani mai kwamfuta ya buɗe wa kamfaninsa shafin intanet. A zuba hotunan buhuna da kwantena, a manna lambar WhatsApp da adireshin Gmail, a koma gefe ana jiran saƙo daga Qingdao, babbar tashar jiragen ruwa ta Sin. Wata da watanni, shiru kake ji.

Sau da yawa ba kayan ne ke da laifi ba, mutumin da ake jira ne bai taɓa ganin shafin ba. Google ya janye injin bincikensa daga babban yankin Sin, wato ban da Hong Kong da Macau da Taiwan, tun watan Maris na 2010, daga baya kuma aka toshe shi gaba ɗaya. Facebook, YouTube, Instagram, WhatsApp da Gmail duk a toshe suke a can. Mutum sama da biliyan 1 ke hawa intanet a ƙasar, kusan dukkansu ta waya, amma da nasu injinan da nasu manhajojin. Babban injin bincikensu shi ne Baidu, wanda Robin Li da Eric Xu suka kafa a Beijing a 2000.

Aikin gyara shafi domin injin bincike ya gan shi, ya kuma turo shi gaba, shi ake kira SEO. Zan bi matakan da misalin mai fitar da riɗi, amma mai otal, mai makaranta da mai kamfanin fito da kaya daga tasha duk hanyar ɗaya ce. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: ƙaramin kamfani daga waje ba zai doke manyan dandamalin Sin a kan kalma guda irin "riɗi" ba, kuma asarar kuɗi ce ya gwada. Abin da ke hannunka, wanda kuma shi ke kawo ciniki, shi ne ranar da mai saye ya rubuta sunan kayanka haɗe da ƙasarka, ko sunan kamfaninka da ya gani a jikin kati, ya tarar da shafin da ke buɗewa nan take, cikin Sinanci na gaske, da hujjar cewa kana nan, da hanyar da zai yi maka magana.

Mataki na 1: Wane Basine kake nema?

Masu jin Sinanci ba kasuwa ɗaya ba ce. Rubutun ma iri biyu ne. Babban yankin Sin da Singafo da Malesiya suna amfani da sauƙaƙaƙƙen rubutu, wanda aka rage wa haruffansa zane. Taiwan da Hong Kong da Macau suna nan a kan rubutun gargajiya. Sannan duk wuraren nan, ban da babban yankin, Google suke bincike da shi kamar mu. Haka ma Sinawan da ke zaune a Legas, Kano, Yamai ko Accra: yawancinsu sauƙaƙaƙƙen rubutu suke karantawa, amma Google na buɗewa a wayoyinsu.

Saboda haka idan kwastomanka injiniyan wani kamfanin Sin ne da ke neman gidan haya a Abuja, ko ɗan kasuwar Taipei, aikinka ya yi sauƙi. Shafin Sinanci kake buƙata mai adireshinsa na kansa, sai a sa masa alamar da ake kira hreflang, wadda ke gaya wa Google wane shafi ne na wane mai karatu: zh-Hans ga sauƙaƙaƙƙen rubutu, zh-Hant ga na gargajiya. Daga nan sai ka bi ƙa'idojin Google da aka saba. Idan kuwa mai matse man riɗi a lardin Shandong ko Henan kake nema, duk sauran matakan nan naka ne. Kada ka ce za ka kama duka biyun da shafi ɗaya. Zaɓi ɗaya, ka gama da shi.

Mataki na 2: Suna da adireshi

Basine ba zai riƙe sunan kamfaninka na Hausa ko na Turanci ba. In ba ka ba shi suna da Sinanci ba, shi zai raɗa maka, kuma da wannan sunan za a riƙa nemanka. Ka zauna da wanda Sinanci ne harshen uwarsa ku zaɓi suna gajere, haruffa biyu zuwa huɗu, mai daɗin faɗa, marar mummunar ma'ana. Ka rubuta shi a Baidu ka ga ko wani ya riga ka. In har da gaske kake a kasuwar, ka yi masa rajistar alamar kasuwanci a hukumar CNIPA, domin a Sin wanda ya riga shigar da takarda shi ke da suna, ba wanda ya riga amfani da shi ba.

Adireshin shafi kuwa, wanda ke ƙarewa da .com ya wadatar. Na .cn yana ƙarƙashin hukumar CNNIC kuma sai an tantance ainihin mai shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya zama gajere, mai sauƙin bugawa ga wanda Turanci bai zauna masa ba. Ba banza ba manyan shafukansu suke da suna na lambobi, irin su 163.com da 58.com da 1688.com. In za ka sa lamba, 8 alamar arziki ce a wurinsu, 4 kuwa ana gudunta don furucinta ya yi kama da na mutuwa.

Mataki na 3: Inda shafin zai zauna

A nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta, don haka a bi a hankali. Duk shafin da aka ajiye a saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, da ke cikin babban yankin Sin sai yana da rajistar ICP daga ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa ta ƙasar. Ita ce 'yar lambar da kake gani a can ƙasan shafukansu. Ana nemanta ta hannun kamfanin da ke ajiye shafin, kamar Alibaba Cloud ko Tencent Cloud, kuma hukuma na iya ɗaukar kwana 20 na aiki tana dubawa. Sharaɗin da ke tare 'yan waje shi ne sai kana da kamfani mai rajista a cikin ƙasar.

Wani zai ce maka, "Kawo mu yi da sunan kamfanina." Ka san abin da kake sa wa hannu. Dole sunan mai adireshin shafin ya yi daidai da sunan kamfanin da ya nemi ICP, wato a takarda adireshin ya zama nasa. Ranar da kuka ɓata, da shafin zai tafi. Ni dai ba zan ba wa mai farawa shawarar haka ba.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin kamfani ita ce sabar Hong Kong. Ba ta buƙatar ICP, ga ta kusa, kuma Baidu na ɗaukar shafukan da ba su da ICP, sai dai yakan yi nawa wajen ziyartarsu. Da za ka saya, ka tambayi kamfanin ko layinsu na shiga babban yankin kai tsaye, misali layin CN2 na China Telecom. Ka kuma biya ɗan ƙari a ba ka lambar IP taka kai kaɗai, domin in kuna raba lamba ɗaya da shafin da aka toshe, toshewar na iya haɗawa da kai.

Mataki na 4: Kwashe abin da ba ya buɗewa a can

Shafin da ke buɗewa tsaf a Kano na iya tsayawa cak a Zhengzhou, saboda yana ƙoƙarin janyo wani abu daga Google ko Facebook, abin kuma ba zai taɓa isowa ba. Ka sa mai kula da shafinka ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Bidiyon YouTube a cire, a ɗora shi a sabarka ko a Bilibili, Youku ko Tencent Video. Taswirar Google a maye ta da hoto da rubutaccen kwatance. Maɓallan Facebook da Instagram su tafi. Akwatin nan na Google da ke tambaya ko kai mutum ne, in yana jikin fom ɗin aiko saƙo, to mai saye na iya cike fom ɗin ya kasa turawa, kai kuma ba za ka taɓa sani ba. Salon haruffa da sauran fayilolin da shafin ke arowa daga waje, a kwafo su su zauna a sabarka.

Ka kuma leƙa ɓangaren tsaro. Wasu manhajojin kare shafi kan toshe duk baƙon da ya fito daga Sin don gudun masu kutse, sai su haɗa da Baiduspider, wato manhajar da Baidu ke aikowa ta karanta shafuka. Fayil ɗin robots.txt ma a duba, kada a tarar an hana ta shiga.

Sauri ba ado ba ne a wurin Baidu. A 2017 ya sanar da wani tsari mai suna Shandian, wato walƙiya: shafin da fuskarsa ta farko ta buɗe a waya cikin daƙiƙa 2 za a fifita shi, wanda ya kai daƙiƙa 3 ko fiye za a danne shi. Rage nauyin hotuna shi ne gyara mafi arha. Bayan gyaran ka gwada da shafukan awo irin su 17ce ko Chinaz, waɗanda ke buɗe shafinka daga birane daban-daban a kan layukan China Telecom, China Unicom da China Mobile. Mafi inganci duk da haka shi ne wani da ke Guangzhou ko Yiwu ya kashe VPN ɗinsa, ya buɗe shafin a wayarsa, ya ɗauko maka bidiyon abin da ya gani. Mutanenmu ba su yi kaɗan a garuruwan nan ba.

Mataki na 5: Kalmomin da mai saye ke bugawa

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba a fassara kalmomin bincike daga Turanci, nemo su ake yi a bakin 'yan kasuwar.

Fara da tushe. Riɗi shi ne 芝麻, farin riɗi 白芝麻, na shigowa daga waje 进口, mai samar da kaya 供应商, farashi 价格. Najeriya 尼日利亚 ce, Nijar kuma 尼日尔. Sinanci ba ya raba kalmomi da fili, don haka mai neman wanda zai sayar masa da farin riɗin Najeriya zai buga su a haɗe: 尼日利亚白芝麻供应商. Irin wannan doguwar kalma ba mutum da yawa ke bugawa ba, amma duk wanda ya buga ta da kuɗi a hannu ya zo. Mai buga 芝麻 kaɗai wataƙila girki yake nema.

Ka lura sunayen ƙasashen biyu da haruffa iri ɗaya suka fara, don haka a rubuta kowanne cikakke a ko'ina. A Taiwan kuma Najeriya 奈及利亞 ce, Nijar 尼日. Ka ga dalilin da ya sa manhajar da ke juya sauƙaƙaƙƙen rubutu zuwa na gargajiya ba ta isa ba: tana sauya siffar harafi, ba ta sauya kalmar da mutane ke nema da ita.

Yanzu ka ɗauki kowace kalma ka buga a akwatin Baidu, kada ka danna komai. Jerin da zai zubo a ƙasa abin da mutane ke nema ne da gaske, ka kwafe shi. Ka danna, ka gangara ƙarshen shafin sakamako, akwai wani jerin na bincike masu alaƙa, shi ma ka kwafe. Daga nan ka shiga Baidu Index, wanda ke nuna hawa da saukar neman kalma a tsawon lokaci da lardunan da aka fi nemanta. Ƙananan kalmomi ba ya nuna su, kada hakan ya sa ka yar da su. Shafukan 5118 da Aizhan na nuna kalmomin da abokan hamayyarka ke fitowa a kansu. Sai kuma 1688.com, kasuwar sari ta cikin gida ta Alibaba: duba yadda dillalan riɗi ke rubuta sunan kaya da darajarsa, nan ne harshen sana'ar yake.

In ka tara, ka raba su gida uku: masu neman saye, masu neman farashi, da masu neman sani, kamar bambancin riɗin Najeriya da na Habasha ko lokacin shigowar sabon kaya. Kowace babbar kalma shafinta daban. Shafi biyar masu amsa tambaya biyar sun fi shafi ɗaya da aka cusa wa komai.

Mataki na 6: Rubutun kansa

Ka tuna takardar da ke zuwa cikin kwalin tocila ko rediyo, mai Turancin da ba kai ba gindi, da irin kallon da kake yi wa kamfanin bayan ka karanta. To haka Basine ke kallon shafin da na'ura ta fassara. Ka biya ɗan ƙasa ya rubuta, wanda ya san fataucin amfanin gona in da hali, sannan ka ba wani daban ya karanta ya gaya maka da Hausa ko Turanci abin da ya fahimta.

Mai sayen kwantena ba tarihin kakanninka ya zo karantawa ba. Lambobi yake nema: tsaftar kaya kashi nawa cikin 100, danshi, yawan mai, yawan asid ɗin da ke cikin man, wato FFA, launi, buhun kilo 25 ne ko 50, tan nawa ke shiga kwantena mai ƙafa 20, wanda yawanci kusan 19 ne, mafi ƙarancin oda, tashar lodi, Apapa ce ko Lekki ko Lome, tashar sauka, Qingdao ko Tianjin, farashin FOB ne, wato zuwa tashar lodi, ko CIF, har da kuɗin jirgi da inshora, da lambar kwastam ta riɗi, 1207.40. A jera su a tebur, a rubuce, ba a cikin hoto ba, domin injin bincike rubutu yake karantawa.

Bayan lambobi sai hujja. Rajistar CAC, takardar hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar tantance amfanin gona, NAQS, ko makamantansu na ƙasarka, da hotunan sitonka na gaske da injin tankaɗe yana aiki, ba hoton da aka ɗauko a intanet ba. Tun 1 ga Janairun 2022 hukumar kwastam ta Sin, GACC, ta wajabta wa kamfanonin waje masu sarrafa ko adana kayan abincin da za su shiga ƙasar yin rajista da ita. In kana da lambar, ka sa ta inda ido zai fara sauka. Mai saye ya san in babu ita kaya na iya maƙalewa a tasha.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, dokar talla ta Sin da aka sabunta a 2015 ta hana kalmomin fifiko irin 最佳, mafi kyau, da 最高级, mafi daraja, da 国家级, na matakin ƙasa, kuma tarar na farawa daga yuan 200,000. Ko da hannun hukuma bai kai gare ka ba, dandamalin Sin na tace irin kalmomin, wakilinka na can kuma shi zai kwana a ciki. Kirarin "na ɗaya a Afirka" a bar shi a gida. Na biyu, siyasa. A Janairun 2018 hukumomin Shanghai sun sa an rufe shafin Sinanci da manhajar otal-otal na Marriott har mako guda, saboda wata takardar tambayoyi da ta jera Taiwan, Hong Kong, Macau da Tibet a matsayin ƙasashe. Ka duba jerin ƙasashen da ke fom ɗinka da duk taswirar da ka sa. In ba dole ba, ka cire jerin, mutum ya rubuta garinsa da hannunsa.

Mataki na 7: Gyaran cikin shafi

Kanun kowane shafi kada ya wuce haruffan Sinanci 30 ko kusa da haka, babbar kalma a gaba, sunan kamfani a ƙarshe. Kada a maimaita kalma sau uku don a burge inji, kada kuma kanu ya yi alƙawarin abin da babu a ciki, domin tsarin Qingfeng da Baidu ya fito da shi a 2017 irin wannan yake hukuntawa. Taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin kanu a rubuta shi da hannu, jimla biyu. Shafin ya zama Sinanci zalla daga sama har ƙasa, da adireshinsa na kansa, ba maɓallin da ke juya harshe a adireshi ɗaya ba. A yi amfani da UTF-8, a sa alamar harshe zh-CN, a kunna HTTPS. Baidu bai kai Google iya karanta rubutun da JavaScript ke zubowa bayan shafi ya buɗe ba, don haka ka gaya wa mai ginin cewa rubutu da mahaɗai, wato wuraren da ake dannawa a je wani shafi, su zo a cikin HTML tun daga sabar. Duk shafi mai muhimmanci a iya isa gare shi da dannawa biyu ko uku daga shafin farko.

Mataki na 8: Kai kanka gaban injinan

Kada ka jira Baidu ya yi tuntuɓe da kai. Yana da dandalin masu shafuka a ziyuan.baidu.com. Buɗe asusu yakan nemi lambar wayar Sin, a nan za ka buƙaci amintacce, amma ka tabbata kalmar sirri na hannunka. Za ka nuna shafin naka ne ta hanyar ɗora wani ɗan fayil ko liƙa wata alama a shafin farko. Daga nan ka miƙa adireshin shafukanka, ka kuma yi amfani da abin gwajin da ke nuna maka shafin yadda Baiduspider ke ganinsa. In ya dawo fayau babu rubutu, koma mataki na 4 da na 7. Don sanin shafuka nawa aka ɗauka, buga site: haɗe da adireshinka a akwatin bincike.

Kada ka manta da Bing. Yana aiki a babban yankin Sin, yana da masu amfani da yawa a kwamfutocin ofis, inda ma'aikacin sayen kaya ke zaune, kuma dandalinsa na masu shafuka ba ya neman lambar Sin. Ga kamfanin waje, sau da yawa a nan ake fara ganin haske. Injinan bincike na 360 da Sogou ma suna da nasu dandalin, aikin rabin sa'a ne kowanne.

Mataki na 9: Fita daga shafinka

Buga kowace kalma a Baidu ka ƙirga abin da ke shafin farko. Sama tallace-tallace ne masu alamar 广告. Ƙarƙashinsu yawanci kayan gidan Baidu ne: Baike, kundin bayanansa, Zhidao, na tambaya da amsa, Baijiahao, na maƙaloli, Aicaigou, na 'yan sari. Sai Zhihu, wani dandalin tambaya da amsa, da manyan jaridu. Gurbin da ya rage wa shafukan kamfanoni kaɗan ne. Tun da haka ne, ka shiga inda ake nunawa. Amsa mai ma'ana a Zhihu kan yadda ake gane riɗi mai kyau ko yadda ake lodi a Legas na iya fitowa gaban shafinka, ta kuma kawo mutum gare shi. Baike na neman madogara daga kafofin da ya yarda da su, don haka sai an taɓa rubuta labarinka a wata kafar Sin kafin ka nema.

Sannan bincike da yawa ya bar Baidu ya koma cikin manhajoji, kuma kowacce ta kulle abinta. Taobao, kasuwar intanet ta Alibaba, ya hana Baidu shiga tun 2008. Maƙalolin WeChat, manhajar hirarsu da ke matsayin WhatsApp, ma ba a Baidu ake samunsu ba, sai a binciken cikin WeChat ko a Sogou, wanda Tencent ya mallaka. Ga mai sayar wa kamfanoni, WeChat ba zaɓi ba ne: nan ake gaisawa, nan ake turo hoton samfur, nan ake ciniki. Ka sa lambar QR ɗinka a kowane shafi, a daidai inda da za ka sa WhatsApp. Kamfanin waje na iya buɗe asusun hukuma da takardunsa, da kuɗin tantancewa duk shekara, kuma sunan asusun ya ƙunshi sunanka da sunan kayan. Douyin, wanda manhaja ce daban da TikTok ko da yake kamfani ɗaya ne, ya dace da gajeren bidiyon sito da lodi. Xiaohongshu na masu sayar wa ɗaiɗaiku ne, irin man kaɗanya ko yawon buɗe ido; mai kwantenar riɗi ya wuce shi.

Masu tambayar manhajojin AI irin su DeepSeek da Doubao da Ernie na Baidu suna ƙaruwa. Idan waɗannan suka shiga intanet neman amsa, rubutun Sinancin da ke nan suke tsinta, don haka aikin da ka yi a sama shi ne dai aikin.

Mataki na 10: Masu alƙawarin shafin farko cikin mako guda

Za su same ka, ko ba ka neme su ba. Abin da suke sayarwa ana kiransa 快排, wato ɗagawar gaggawa, kuma dannawar ƙarya ce da na'urori ke yi. Baidu ya fito da tsarin Jinglei a 2017 don kama wannan, kamar yadda ya fito da Lüluo a 2013 don masu sayen mahaɗai, da Jufeng a 2017 don masu kwafe rubutun wasu. In an kama, shafinka ne ke nutsewa, su kuwa sun karɓi kuɗinsu.

Mahaɗai na halal ba su da yawa amma suna da nauyi: shafin abokin cinikinka na Sin, ƙungiyar 'yan kasuwa, labarin jarida, da jerin mahalarta baje koli, irin na shigo da kaya da ake yi a Shanghai duk Nuwamba tun 2018, ko na Sin da Afirka da ake yi a Changsha duk shekara biyu tun 2019. In za ka ɗauki kamfanin da zai yi maka aikin, ka nemi ya nuna shafukan da ya yi wa aiki ka buga su a Baidu da hannunka, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa adireshi, asusu da rubutu duk naka ne.

Mataki na 11: Awo, da abin yi idan saƙo ya shigo

Ka sa Baidu Tongji a shafin, kyauta ne, yana nuna daga wane lardi baƙi ke zuwa da shafin da suke tsayawa. Fom ɗinka ya nemi abin da ya zama dole kawai, ya kuma faɗi abin da za a yi da bayanan, domin dokar kare bayanan mutane ta Sin ta fara aiki tun 1 ga Nuwamban 2021. Sau ɗaya a wata ka duba abu uku: shafuka nawa aka ɗauka, a ina kake a kan dogayen kalmominka, da mutum nawa suka yi magana. Sabon shafi daga waje watanni yake ɗauka kafin ya motsa. Ka riƙa ƙara rubutu, ko da rahoton farashi da yanayin girbi ne sau biyu a wata, musamman gab da kaka.

Beijing na gabanmu da awa 7. Ƙarfe 8 na safe a Kano ko Zinder ƙarfe 3 na yamma ne a can, wato saƙon da ka bari sai bayan azahar ya kwana ke nan. A sami wanda zai duba WeChat bayan sallar asuba. Lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, da makon farko na Oktoba, kasuwa kan tsaya, kada shirun ya tayar maka da hankali.

Wanda ya tuntuɓe ka kuma, kafin ka aika samfur ka nemi hoton lasisin kasuwancinsa. A jiki akwai cikakken sunan kamfani da Sinanci da wata lamba mai gurbi 18. Ka buga ɗaya daga ciki a gsxt.gov.cn, rumbun rajistar kamfanoni na gwamnatin Sin, ko a Qichacha ko Tianyancha. Za ka ga shekarar da aka kafa shi, jarin da ya yi rajista da shi, sunan wakilinsa a shari'a, da irin sana'ar da aka ba shi izini. Ka duba ko shigo da kaya na cikin izinin, ka kuma tabbata sunan da ke lasisin shi ne a kan kwantiragi da asusun bankin da kuɗi zai fito.